Pokhara: Birnin Bakin Tafki a Gindin Tsaunukan Himalaya da Wuraren da Baƙi Ke Zuwa Gani

Pokhara birni ne a tsakiyar ƙasar Nepal, mai nisan kimanin kilomita 200 yamma da Katmandu, babban birnin ƙasar. Shi ne hedikwatar lardin Gandaki, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanensa sun haura rabin miliyan, abin da ya sa ya zama na biyu a yawan jama'a bayan Katmandu. A watan Maris na 2024 gwamnatin Nepal ta ayyana shi a hukumance a matsayin cibiyar yawon buɗe ido ta ƙasar, ko da yake baƙi sun daɗe da ba shi wannan matsayi tun kafin gwamnati ta sa hannu.

Abin da ke kai mutane can ba ya da wuyar faɗi: tafki ne a ƙasa, tsaunukan ƙanƙara a sama, tsakaninsu kuma akwai koguna, kwazazzabai da wuraren ibada. Wanda ya bi tarihin wurin zai tarar kusan duk waɗannan abubuwa tushensu ɗaya, wato duwatsun da suka ruguzo daga tsaunin Annapurna da ruwan da ke ratsa su. Wannan ruwa da wannan ɓaraguzai su ne suka haifi tafkin, su ne kuma a yau ke cike shi da laka.

Katangar ƙanƙara

Birnin na zaune a kwari mai tsayin mita 800 da ɗoriya daga doron teku. A wannan tsayi ba a san dusar ƙanƙara ba. Ayaba da lemu na fitowa a bayan gidaje, shinkafa kuma na cika fadamu. Amma cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 30 ba zuwa arewa, ƙasa ta miƙe tsaye ta haura mita 7,000. Wurare kaɗan ne a duniya ke da irin wannan tashi, inda mutum zai tsaya da 'yar shara a gindin ayaba yana kallon ƙanƙarar da ba ta narkewa rani da damina.

Daga tuddan da ke kewaye da birnin ana hango uku daga cikin tsaunuka goma mafi tsayi a duniya: Dhaulagiri mai mita 8,167, Manaslu mai mita 8,163 da Annapurna mai mita 8,091. Annapurna ne tsauni na farko da ya haura mita 8,000 da ɗan Adam ya taka ƙololuwarsa. Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka yi wannan bajinta ranar 3 ga Yuni, 1950, shekara uku kafin a hau Everest, kuma sun biya da tsada, domin sanyi ya cinye musu yatsun ƙafa, Herzog har da na hannu.

Sai dai tsaunin da ya mamaye sararin Pokhara, wanda hotonsa ke jikin kowane allon otal, bai kai waɗannan tsayi ba. Sunansa Machapuchare, wato "wutsiyar kifi" a harshen Nepal, tsayinsa mita 6,993. Kusancinsa da birnin ne ya sa yake shafe manyan da ke bayansa. Baƙo kan yi mamakin sunan, domin daga bakin tafki tsini ɗaya ake gani kamar dala. Sai an zagaya ta yamma a kan hanyar masu tattaki sannan kawunansa biyu ke bayyana kamar wutsiyar kifi.

Babu wanda aka tabbatar ya taɓa tsayawa a ƙololuwarsa. A 1957 wata tawagar Birtaniya ƙarƙashin Jimmy Roberts, hafsan sojan Gurkha, ta gwada hawansa, inda mutum biyu, Wilfrid Noyce da David Cox, suka juyo saura musu kimanin mita 50. Daga baya Nepal ta daina ba da izinin hawansa, kuma mutanen yankin na ɗaukarsa wuri mai tsarki. Roberts ɗin nan shi ne ya kafa kamfanin farko na kai baƙi tattakin tsaunuka a Nepal a 1964, sana'ar da a yau take ciyar da dubban gidaje a Pokhara, kuma a birnin ya mutu a 1997.

Ganin tsaunukan sa'a ce da lokaci. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, gajimare kan rufe su kwana da kwanaki, kuma Pokhara na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a Nepal, kusan milimita 4,000 a shekara, adadin da ya zarce na Fatakwal nesa ba kusa ba. A wannan lokaci matsattsaku kan cika hanyoyin daji, ƙasa kuma na zaftarewa ta toshe tituna. Oktoba da Nuwamba ne sama ke wankewa tas. A Maris da Afrilu furanni na buɗewa a dazuzzukan tudu, amma hazo kan dusashe nesa tun kafin rana ta take.

Tafkin Fewa

Zuciyar birnin ita ce Tafkin Fewa, na biyu a girma a Nepal bayan Tafkin Rara. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita biyar, zurfinsa kuma ya wuce mita 20 a wasu wurare. Da sassafe, kafin iska ta motsa, Machapuchare da jerin Annapurna kan bayyana a kife a cikin ruwan, kuma wannan hoto ne ya fitar da sunan Pokhara duniya. Masunta da masu fito na da kwale-kwalen katako masu fentin ja, shuɗi da rawaya, waɗanda ake haya da matuƙi ko mutum ya tuƙa da kansa. Sanya rigar kariya daga nutsewa wajibi ne, kuma dokar na da dalili, domin da la'asar iska kan taso ba zato ta kifar da ƙananan jirage.

A wani ɗan tsibiri kusa da gaɓar gabas akwai Tal Barahi, wurin ibadar mabiya Hindu mai rufi hawa biyu, wanda aka keɓe wa abar bautarsu Barahi. Tafiyar 'yan mintoci ce a kwale-kwale. Ranar Asabar, wadda ita ce ranar hutun mako a Nepal, wurin kan cika da iyalai masu kai furanni da hadaya, tattabaru na yawo a tsakanin ƙafafun mutane, kifaye kuma na cincirindo a gindin matakala. Da magariba limaman Hindu kan yi addu'ar fitilu a gaɓar da ke fuskantar tsibirin, baƙi na kallo daga gefe.

Gaɓar gabas ita ce unguwar Baidam, inda otal-otal, gidajen abinci da shagunan kayan tattaki suka jeru na tsawon kilomitoci. A shekarun 1970 ƙauye ne na makiyayan ɓauna da 'yan ɗakunan kwana da matasan Turai masu yawon duniya ke sauka. A yau unguwar ta fi kama da kowace kasuwar baƙi a nahiyar Asiya, kuma wanda ya kwana a nan bai leƙa wani wuri ba, da wuya a ce ya ga Pokhara. A ƙarshen watan Disamba akan rufe babban titinta ga motoci domin bikin abinci da raye-raye na shiga sabuwar shekara.

A can tsallaken ruwa, a kan tudun Anadu mai tsayin kimanin mita 1,100, wata farar ƙubba na haskawa a cikin daji. Ita ce Shanti Stupa, ko ƙubbar zaman lafiya, ɗaya daga cikin irinta da dama da wata ɗariƙar mabiya Buda ta Japan ta gina a sassan duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jagoran ɗariƙar, Nichidatsu Fujii, ya aza harsashinta a 1973, amma gwamnatin sarautar wancan zamani ta tsayar da aikin aka rushe abin da aka fara. Sai a 1992, bayan dawowar mulkin jam'iyyu, aka sake ɗaukar ginin, aka buɗe shi a 1999. A kusurwoyinta huɗu akwai mutum-mutumin Buda da aka kawo daga Japan, Siri Lanka, Tailan da Nepal. Ana cire takalmi kafin a hau, ana kuma buƙatar a yi shiru. Hanya mafi daɗi ita ce a haye tafkin a kwale-kwale sannan a hau matakalar daji na kimanin sa'a guda; daga sama ana ganin tafkin, birnin da tsaunukan a jere. Gaba kaɗan a kan wannan tudu, a Pumdikot, an buɗe wani katafaren mutum-mutumin Shiva a 2021, wanda maziyartan cikin gida da na Indiya suka fi zuwa.

Abin da ke ƙarƙashin birnin

Nan ne labarin Pokhara ya bambanta da na sauran garuruwan bakin tafki. Ƙasar da birnin ke kai tarin tsakuwa ce da yashi da ɓaraguzan duwatsu, mai kaurin gomman mitoci, waɗanda suka kwararo daga wani kwarin ƙanƙara a bayan Annapurna suka cike kwarin baki ɗaya. Masana ilimin ƙasa sun danganta manyan kwararowar da girgizar ƙasa ta wajajen shekarun 1100, 1255 da 1344. Ta 1255 ita ce tarihin Nepal ya ce ta kashe Sarki Abhaya Malla a kwarin Katmandu. Da ɓaraguzan suka toshe bakin ƙananan rafukan da ke shigowa daga gefe, ruwa ya taru a bayansu, tafkuna suka samu. A harabar kwalejin Prithvi Narayan akwai wani ƙaton dutse mai girman ɗaki da ake kira Bhim Dhunga, wanda almara ta ce wani gwarzo ne ya jefo shi. Malaman ƙasa kuwa sun ce ambaliyar ce ta ɗauko shi daga tsauni ta ajiye a nan.

Saboda ɓaraguzan na ɗauke da farar ƙasa mai yawa, ruwa na narkar da su yana huda hanyoyi. Kogin Seti, wanda sunansa ke nufin "fari" saboda ruwansa mai kama da madara, ya ratsa tsakiyar birnin, amma baƙo zai iya ƙetare shi sau da yawa bai sani ba. Ya yanka kwazazzabo mai zurfin gaske wanda faɗinsa a wasu wurare bai wuce 'yan mitoci ba, a wasu ma ya ɓace ƙarƙashin ƙasa. Daga gadar K.I. Singh ko gadar Mahendra, mai leƙawa ya fi jin rugugin ruwan fiye da ganinsa.

A kudancin birnin, ruwan da ke fita daga Tafkin Fewa na faɗawa cikin wani rami ya shige ƙasa. Mutanen wurin na kiransa Patale Chhango, wato mafaɗar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, amma baƙi sun fi saninsa da Mafaɗar Devi, sunan da ake dangantawa da wata mata 'yar Suwizalan da ruwan ya janye a 1961 tana wanka a sama da ramin. A rani wurin ba ya da wani armashi, har wasu kan yi da-na-sanin kuɗin shiga. A damina kuwa ƙasa har rawa take yi, feshin ruwa na jiƙa masu kallo a bayan shingen ƙarfe. Tsallaken titi akwai kogon Gupteshwor Mahadev, inda ake sauka ta matakala mai murɗewa. A ɗakin farko akwai wani dutse da ɗigar ruwa ta gina wanda mabiya Hindu ke girmamawa a matsayin alamar Shiva, kuma ba a ɗaukar hoto a nan. Wanda ya daure ya ci gaba ta wani lungu mai danshi zai iso inda ake hango ruwan Devi ta wata tsaga yana zubowa daga sama. Wannan ɓangare akan rufe shi idan ruwa ya yi yawa.

A arewacin birnin akwai kogon Mahendra, mai sunan sarkin da ya yi mulki daga 1955 zuwa 1972, da kuma kogon jemagu a kusa da shi, inda dubban jemagu ke reto a rufi a lokacin sanyi. Ƙofar fita daga na biyun ƙunci gare ta ƙwarai, sai an rarrafa an matse. Mai jiki ko mai tsoron duhu gara ya koma ta inda ya shigo.

Wannan ƙasa mai rami-rami ba abin kallo ce kawai ga mazauna ba. A ƙarshen 2013 ramuka da dama sun buɗe a gonaki da kusa da gidaje a Armala, arewa da birnin, har iyalai suka ƙaura. Kafin nan, ranar 5 ga Mayu, 2012, wani ɓangaren dutse ya ɓalle daga jikin Annapurna ya faɗa kwarin da Seti ke fitowa, ambaliyar laka da ƙanƙara ta gangaro da safe ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Mutum fiye da 70 suka mutu ko suka ɓace, da yawansu a Kharapani, inda ake zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi. Wani matuƙin ƙaramin jirgin yawon buɗe ido da ya ga ƙurar daga sama shi ne ya sanar da filin jirgi ta rediyo, gargaɗin ya bazu, mutanen da ke bakin kogi a ƙasa suka samu damar gudu.

Tsohon gari da hanyar fatake

Kafin baƙi, fatauci ne ya raya Pokhara. Garin na kan hanyar da ta haɗa Indiya da Tibet, inda ayarin alfadarai ke saukowa da gishiri da ulu ta kwarin Kali Gandaki, su koma da hatsi da tufafi. Yana ƙarƙashin masarautar Kaski, ɗaya daga cikin ƙananan masarautu 24 na yankin, har zuwa 1786 da daular Gorkha ta haɗiye ta. Sarakunan Kaski ne suka gayyato 'yan kasuwar ƙabilar Newar daga kwarin Katmandu, kuma gidajensu na jan bulo masu tagogin katako da aka sassaƙa na nan a tsohuwar kasuwa, ko da yake gobara da siminti sun ci da yawa. A kan wani ɗan tudu a ƙarshen kasuwar akwai Bindhyabasini, wurin ibada mafi daɗewa da daraja a garin, inda ake yawan ɗaura aure.

Hanyar gishiri ta mutu bayan Sin ta karɓe iko da Tibet a shekarun 1950. Maimakon fatake, sai 'yan gudun hijira suka biyo ta, musamman bayan ficewar Dalai Lama zuwa Indiya a 1959. Zuriyarsu na zaune a matsugunai irin su Tashi Palkhel a arewa da Tashi Ling kusa da Mafaɗar Devi, inda baƙo zai ga mata na saƙar darduma da hannu, ya kuma saurari karatun sufayen Buda da la'asar tare da busa da tambura. Da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a waɗannan matsugunai ba su da takardar zama 'yan ƙasa, abin da ya taƙaita musu aikin gwamnati da mallakar fili. Sayar da sarƙoƙi da dardumai ga baƙi na cikin 'yan hanyoyin da suka rage musu.

Abin mamaki, jirgin sama ya riga mota isa Pokhara. Tun shekarun 1950 jirage ke sauka a wani fili, alhali titin farko, wanda ya taso daga iyakar Indiya, sai a ƙarshen shekarun 1960 ya iso, na Katmandu kuma, wanda Sin ta taimaka aka gina, a shekarun 1970.

Gidajen tarihi biyu

Gidan Tarihin Tsaunuka na Duniya, wanda ƙungiyar masu hawan tsauni ta Nepal ta buɗe a 2004, na da sashe kan tsaunuka 14 da suka haura mita 8,000, waɗanda takwas daga cikinsu ke Nepal ko kan iyakarta. Akwai kayan da magabatan masu hawa suka yi amfani da su, takalma da igiyoyi da tukwanen iskar shaƙa waɗanda mai hawan zamani ba zai yarda ya taka tudu da su ba, akwai kuma sashe kan rayuwar ƙabilun Sherpa, Gurung da Thakali. Wuri ne da ya dace da ranar da gajimare ya rufe sama.

Na biyun, Gidan Tunawa da Sojojin Gurkha, ƙarami ne amma ya fi taɓa zuciya. Tun 1815 Birtaniya ke ɗaukar samarin tuddan Nepal aikin soja, kuma har yau a sansaninta na Pokhara ake tantance su kowace shekara. Dubbai ke nema, 'yan ɗaruruwa ake ɗauka, kuma jarrabawar da ta fi shahara ita ce gudu zuwa saman tudu da kwando mai nauyi a baya, an rataye shi da maɗauri a goshi. Gidan na nuna kakin soja, lambobin yabo, wuƙar nan mai lanƙwasa da ake kira kukri, da tarihin 'yan Nepal 13 da suka samu lambar Victoria Cross, mafi girma ta jarumta a sojan Birtaniya. Ɗan Najeriya zai ga abin da ya shafe shi a sashen Yaƙin Bama: a 1944 bataliyoyin Rundunar Najeriya da na Gurkha sun yi yaƙi a runduna guda, wadda ake kira Chindit, a bayan layin sojojin Japan. Kuɗin fanshon tsofaffin Gurkha da abin da 'ya'yansu ke aikowa daga waje na cikin abin da ya gina unguwannin zamani na birnin.

Sarangkot da hanyoyin tattaki

Tudun Sarangkot, mai tsayin kimanin mita 1,600 a arewacin tafkin, shi ne wurin kallon fitowar rana. Akan tashi tun asuba a hau da mota, ko a shiga keken igiyar ƙarfe da aka buɗe a 2022. Hasken farko kan fara taɓa kan Dhaulagiri da Annapurna, ƙanƙarar ta yi ja sannan ta koma ruwan zinariya, alhali kwarin na cikin duhu. A kan tudun akwai kufan wata ganuwa ta sarakunan Kaski. A lokacin cikar baƙi wurin kan yi cunkoso har a rasa inda za a tsaya. Sarangkot ya kuma yi suna wajen shawagi da lema, inda baƙo ke ɗaure da ƙwararren matuƙi su taso daga gangare, su yi ta kewaya tare da mikiya da ungulu kafin su sauka a bakin tafki. Bayan buɗe sabon filin jirgi, hukumomi sun matsar da wurin tashin zuwa yamma don kauce wa hanyar jirage.

Pokhara ce kuma ƙofar Yankin Kare Muhalli na Annapurna, mafi girma a Nepal, mai murabba'in kilomita 7,629. Daga nan ake tafiyar kwana uku ko huɗu zuwa tudun Poon mai mita 3,210 ta ƙauyukan Gurung irin su Ghandruk, inda gonakin tamba da shinkafa ke hawa-hawa a jikin tudu, ko tafiyar mako guda zuwa sansanin gindin Annapurna mai mita 4,130. Ana buƙatar takardar izinin shiga, kuma a 2023 hukumar yawon buɗe ido ta sanar da cewa dole baƙo ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Tsaunin ba ya wasa: a Oktoban 2014 guguwar ƙanƙara ta kashe mutum fiye da 40 a yankin, da yawansu kusa da mashigar Thorong mai mita 5,416.

Mai neman natsuwa sai ya nufi Begnas da Rupa, tafkuna biyu kimanin kilomita 15 gabas da birnin, inda ake kiwon kifi a keji, ana soya shi a bukkokin bakin ruwa.

Tafkin da ke ƙanƙancewa

A 2016 an sanya tafkuna tara na kwarin Pokhara cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, jerin da Tafkin Nguru na Najeriya ke ciki. Wannan bai hana Fewa ci gaba da raguwa ba. Kowace damina rafin Harpan da sauran ƙoramu na kwaso laka da tsakuwa daga tuddai su zube a bakin yamma, kuma titunan da ake yankawa da buldoza a jikin tudu, ba magudanar ruwa ba katangar tallafi, sun ƙara yawan abin da ke gangarowa. Inda dattawa suka san ruwa, yanzu gonakin shinkafa ne. Ƙazantar gidaje da otal-otal na shiga tafkin ta magudanu, tana ciyar da kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda sojoji, 'yan sanda da masu kwale-kwale ke taruwa su kwashe kowace shekara, ta kuma dawo.

Sai kuma rikicin fili. A tsakiyar shekarun 1970 madatsar da ke riƙe bakin tafkin ta ɓalle, ruwa ya ja baya, wasu suka yi rajistar busasshiyar ƙasar da ta bayyana da sunayensu; da aka sake gina madatsar ruwa ya dawo, aka wayi gari mutane na riƙe da takardun filayen da ke ƙarƙashin ruwa. A 2018 Kotun Ƙolin Nepal ta ba da umarnin a kawar da gine-ginen da ke cikin tazarar mita 65 daga gaɓa, ta kuma jaddada hukuncin a 2023. A tsakanin hukunce-hukuncen biyu, a 2021, gwamnati ta ƙayyade faɗin tafkin a murabba'in kilomita 5.7. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, domin ɗaruruwan gine-gine abin ya shafa, akwai masu takardun gaskiya da ke neman diyya, akwai kuma masu ƙarfi a cikin waɗanda za a rusa wa. Otal-otal ɗin da suka matsa har bakin ruwa don baƙonsu ya ga tafki daga kan gado na cikin masu cinye abin da suke sayarwa.

Ga mai niyyar zuwa

Daga Katmandu tafiyar mota kan ɗauki sa'a shida zuwa takwas a kan titi mai kwana-kwana da ke bin gefen kogi, jirgi kuma kimanin minti 25. An buɗe sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Pokhara ranar 1 ga Janairu, 2023, wanda aka gina da rancen kimanin dala miliyan 216 daga Sin, amma jiragen ƙasashen waje ba su cika sauka ba, don haka yawancin baƙi ta Katmandu suke bi. Makonni biyu da buɗe shi, ranar 15 ga Janairu, jirgin kamfanin Yeti ya faɗi a kwazazzabon Seti yana shirin sauka, duka mutum 72 da ke ciki suka rasu. Tun 2013 Tarayyar Turai ta hana kamfanonin jiragen Nepal shiga sararinta saboda dalilan tsaro.

Najeriya na cikin ƙasashe 'yan kaɗan, tare da Gana da Kamaru, da Nepal ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun kafin a tashi, kuma ofisoshin jakadancin Nepal a Afirka na Alƙahira da Firitoriya ne. Ana kuma tambayar katin rigakafin cutar shawara. Babu jirgi kai-tsaye, akan bi ta Doha, Dubai ko Istanbul. Agogon Nepal na gaban na Najeriya da sa'a huɗu da minti 45.

Abincin yau da kullum shi ne dal bhat, shinkafa da romon wani ƙaramin wake da ganye, wanda akan ƙara wa mai ci har sai ya ce ya ƙoshi. Doka ta hana yanka saniya a Nepal, saboda haka naman da ake samu na ɓauna ne, akuya ko kaza. Musulmi kimanin kashi biyar cikin ɗari ne na al'ummar ƙasar, kuma a cikin garin Pokhara akwai masallacin Juma'a da gidajen abincin halal, mafi yawansu a ɓangaren kasuwa, nesa kaɗan da unguwar bakin tafki.